Tambaya da Amsa: Yadda Ake Bambanta Kamannin Rukunan Labarai a WordPress

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina gudanar da shafin labarai na Hausa a kan WordPress, kuma na kasa labaran zuwa rukunai kamar Siyasa, Wasanni da Ƙasashen Waje. Ina so sunan kowane rukuni ya fito da launinsa, shafin Wasanni kuma ya sha bamban da sauran. Ta ina zan fara?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki fara da gurbin da ake kira Slug, wato gajeren sunan da rukuni yake ɗauka a adireshin intanet, domin kusan duk gyaran da za ki yi a kansa ya rataya. Sunan da masu karatu suke gani ki bar shi da ingantaccen rubutunsa, Ƙasashen Waje, amma a wancan gurbin ki rubuta kasashen-waje ba tare da lanƙwasa ba, saboda haruffa irin ƙ, ɗ da ɓ sukan rikiɗe su zama jerin lambobi da alamar % idan aka kwafi adireshin, abin da yake wahalar da mai gyara da mai rabawa baki ɗaya.

Batun launi ba ya bukatar ki taɓa fayilolin PHP, wato fayilolin da ke gina shafukan, ko kaɗan. A yawancin rigunan shafi (themes), wato tsarin da ke ba shafi kamanninsa, WordPress yana liƙa wa kowane labari lakabin rukuninsa, misali category-wasanni, don haka layi biyu ko uku na CSS, wato ƙa'idojin da ke tsara launi da kamannin shafi, sun isa su mayar da sunan rukunin kore ko ja. Tun fitowar WordPress 4.7 a shekarar 2016 akwai gurbin ƙarin CSS da aka tanada domin irin wannan aiki. Sai dai ki lura cewa labarin da aka saka a rukuni biyu yana ɗaukar lakabi biyu, kuma idan ƙa'idojin CSS na rukunan biyu nauyinsu ɗaya, wadda ta zo daga baya ita ce za ta rinjaya.

Shi kuwa shafin Wasanni, WordPress yana neman fayil mai suna category-wasanni.php, idan bai samu ba ya duba mai lambar rukunin, sannan category.php, sannan archive.php, daga ƙarshe index.php. Ki kwafi archive.php, ki canza masa suna, ki tsara shi yadda kike so. A nan ne nake jan hankalinki ƙwarai: ki ajiye sabon fayil ɗin a ƙaramar riga (child theme) mai gado daga uwar rigar, domin duk ranar da aka sabunta uwar, gyaran da aka yi a cikinta yakan shafe gaba ɗaya.

Idan rigarki irin ta tubala ce (block theme), wadda ta shigo tare da WordPress 5.9 a 2022, za ki iya ƙirƙirar samfurin rukunin Wasanni kai tsaye daga editan shafi, ba tare da kin buɗe fayil ko ɗaya ba.