Ƙotar wuƙa tana girgiza: in jiƙa ta a ruwa?

TAMBAYA: Baba, ni ɗan koyon ƙira ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Na ƙera wuƙaƙe 10 da sifirin mota, wani mahauci ya saya don aikin layya. Yau ya dawo mini da huɗu, uku ƙotarsu na girgiza, ɗaya ta tsage. Kuɗin kuwa na riga na kashe. Wani ya ce in jiƙa su a ruwa su kwana. Don Allah yaya zan yi?

AMSA: Ɗana, kwantar da hankalinka, duka huɗun za su gyaru. Amma kar ka kai su ruwan nan.

Wallahi na gaji da jin wannan magana. Kusan kullum sai an kawo mini wuƙar da aka yi wa haka. E, ice yana kumbura in ya sha ruwa, da safe za ka ji ƙotar ta kama gam. To bayan nan fa? Icen da ya kumbura a jikin ƙarfe ba shi da wurin zuwa, sai naman cikinsa ya murƙushe. Ranar da ya bushe, ramin ƙotar ya fi da faɗi. Ga ruwan da ya maƙale a ciki yana cin wutsiyar wuƙar, wato ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, da tsatsa inda ido ba ya gani. Na taɓa fasa irin wannan ƙota, na tarar da wutsiyar ta koma kamar tsinken tsire, jan gari yana zuba a tafin hannuna. Masu ba da wannan shawara ba su ne za su durƙusa a kan rago ranar Sallah ba. Ka yi tunanin mutum ya ɗora wuƙa a wuyan dabba, ya ja, ƙarfen ya juya a cikin ƙota. Ko ya yanke yatsunsa, ko ya wahalar da dabbar, alhali an umarce mu da kyautata yanka. Wasu ma su ƙara da naɗa robar tayar keke a kai don ɓoye aibin, su kai kasuwar Wudil ko Maigatari su sayar. Wannan ha'inci ne, kar ka fara sana'arka da shi.

Abin da ya jawo girgizar kuwa, ina kyautata zaton wutsiyar ka gasa ta yi ja, ka cusa a ɗanyen ice. Gefen ramin ya zama gawayi, gawayi kuwa marmashewa yake yi.

Ka cire ukun nan daga ƙotarsu. Ka kankare baƙin da ke cikin ramin har ka ga lafiyayyen ice. Ka goge wutsiyar da magagari, ka yi mata 'yan tsage-tsage don gam ya sami wurin kamawa, ka wanke maiƙon jikinta da fetur ta bushe. Sai ka fere siraran busasshen ice ka cike giɓin, ka zuba gam ɗin Araldite, mai jinkirin bushewa, ka bar ta kwana ɗaya cur ba taɓawa. Sufa gulu ba ya cike rami, kuma fashewa yake in an sari ƙashi. In wutsiyar ta ɓullo ta gindin ƙota, sa mata ƙaramin zoben ƙarfe ka daddaƙe bakin da guduma a hankali.

Wadda ta tsage, jefar da ƙotar. Nemi marke ko aduwa da ya yi watanni yana bushewa a inuwa, ka sa zoben tagulla a bakin ƙotar kafin ka shigar da ƙarfe. In dole sai ka ɗumama wutsiyar, naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma, don in zafi ya hau har ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

Sauran shidan da ke hannun mahaucin ma ka je ka karɓo su yau ɗin nan, don ice ɗaya ka yi musu ƙota da shi.