Kwana biyu a Paris, da maganar gaida Goggonka

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan sallar la'asar. Na karanta na yi dariya har Innarka ta leƙo tana tambayar lafiya, amma da na sake karantawa sai dariyar ta ragu. Ka ce kai da abokan karatunka za ku hau jirgin ƙasa na Eurostar daga tashar St Pancras ta Landan ranar Juma'a da yamma, ku kwana biyu a Paris ku dawo Lahadi, kana kuma tambaya ko a al'adance dole ne ka je gaida Goggonka da ke aure a can, tunda lokacin kaɗan ne kuma kun riga kun biya kuɗin otal.

Ni ma na yi wannan tafiya a 1979, ina ɗalibi. A lokacin ba a haƙa hanyar da ta bi ta ƙarƙashin teku ba, sai a 1994 aka buɗe ta. Daga tashar Victoria muka hau jirgin ƙasa zuwa Dover, muka shiga jirgin ruwa zuwa Calais, inda igiyar ruwa ta yi ta jijjiga mu har na amayar da duk abin da na ci, sannan muka sake hawa wani jirgin zuwa tashar Gare du Nord. Kusan yini guda muka yi a hanya. Abin da ke aljihuna shi ne wata takarda da Kakanka ya aiko mini, ɗauke da adireshin wani mutumin Maraɗi wanda mahaifinsa ya taɓa sauka gidanmu yana fataucin goro.

Na isa unguwar Barbès da daddare, ga sanyi, ga yunwa, ba na jin Faransanci ko kalma ɗaya. Na hau bene hawa shida da ƙafa, na ƙwanƙwasa ƙofa na yi sallama. Bawan Allah nan bai taɓa ganina ba, amma da na ambaci sunan Kakanka sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ɗaki ɗaya ne tak gare shi. Ya bar mini gadon ya shimfiɗa bargo a ƙasa, ya kuma ɗauko 'yar kukar da yake ta adanawa a gwangwanin madara tun zuwansa gida na ƙarshe, ya kaɗa miya ya tuƙa tuwo da tsakar dare. Washegari ya ɗauki hutu daga aiki ya kai ni babban masallacin Paris, wanda aka buɗe tun 1926. Hasumiyar Eiffel kuwa daga nesa na hango ta. Abin da ke cina a rai har yau shi ne wasiƙa ɗaya kawai na rubuta masa bayan na koma.

Kakanka yakan ce zumunci a ƙafa yake. Yakan kuma ce wanda ya shiga garin da ɗan'uwansa yake ya fita ba sallama, ko dai ana bin sa bashi ne ko ya yi abin kunya. Ku kuwa yanzu awa biyu da 'yan mintoci ke kai ku, kun tsara wace awa za ku shiga gidan tarihi na Louvre, wace awa za ku ɗauki hoto a bakin kogin Seine, sai ƙanwar mahaifinka ce ba ta samu gurbi ba. Ka kuma sani da zarar kun ɗora hotunan nan, 'ya'yanta za su nuna mata.

Ban ce ka kwana gidanta ba, otal ɗinku yana nan. Ka dai tuna agogon Paris yana gaban na Landan da awa ɗaya, kada ka yi lissafi da naka. Innarka ma na tambaya ko akwai sauran yajin da ta ƙulla maka, domin ta ce Goggonka ba ta da abin so kamarsa.