Tambaya da Amsa: Jikin alminiyon ga motar tsere ta haɗin gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na haɗa ƙwarangwal ɗin 'yar motar tsere, irin wadda ake kira gokat, da bututun ƙarfe da injin babur. Saura jiki. Da fallen alminiyon nake son yi, amma kayan aikina ba su wuce guduma da almakashin kwano da injin huda ba. Na gwada kumbura gaban, ya yamutse, gefe guda kuma ya tsage. Ina na kuskure? (Mai karatu daga Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Laifin ba duka na hannunka ba ne, fara duba fallen da ka saya. Idan na rufin ɗaki ne, yawanci kaurinsa bai fi rabin milimita ba, kuma wannan ba ya kumbura, sai dai ya tattare. Nemi mai kauri milimita 1 zuwa 1.2. Kada nauyi ya dame ka, falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8 a kaurin milimita 1 kilo 8 ne da ɗan ɗori. Idan akwai lamba a jikinsa, 1100 da 3003 su ne masu laushi, 5052 ya fi su tauri amma yana lanƙwasuwa, 6061 mai T6 kuwa bar shi a shago, tsagewa yake yi. In babu lamba, roƙi ɗan guntu ka naɗe shi a gaban mai kaya, ka duba bayan lanƙwasar. In ta yi zara-zaran tsaga, ba naka ba ne.

Na biyu, lanƙwasa iri biyu ce. Akwai mai bin hanya ɗaya, kamar jikin gwangwani, wadda ko da hannu za ka yi. Akwai mai kumburi ta ko'ina, kamar bayan ƙwarya, wadda sai ƙarfen ya miƙe a tsakiya ko ya tsuke a baki. Ita ce ta kayar da kai. Shawarar ita ce ka tsara jikin yadda kusan dukansa zai zama irin na farko, gunduwa-gunduwa, ka bar wa hancin motar kaɗai kumburin. Fara yanka komai da kwali, ka ɗaura a kan ƙwarangwal, ka zauna a ciki ka juya sitiyari iyakarsa hagu da dama. In taya ta gogi kwali, asararka kwali ce kawai.

Wajen zana layi yi amfani da alƙalamin maka. Kada ka karce inda za a lanƙwasa da ƙusa, daga wannan karcen tsaga take farawa. Lanƙwasa mai faɗi, kwantar da fallen kan bututu mai kauri ko guntun icce mai santsi, ka riƙa dannawa da tafin hannu kaɗan-kaɗan kana matsawa. Ka ɗan zarce inda kake so, domin yana dawowa baya in ka saki. Kusurwa kuma, matse fallen tsakanin katako biyu masu ƙarfi, ka goge bakin na ƙasa ya daina kaifi, ka ɗora wani guntun katako kana dukansa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sau uku ko huɗu, har ya kwanta. Duk inda yanka biyu za su haɗu a lungu, fara huda rami mai milimita 4 a wurin, sannan ka yanko zuwa gare shi.

Yanzu hancin. Alminiyon yana ƙara tauri duk lokacin da aka buge shi, har ya kai inda bugu ɗaya zai fasa shi. Maganinsa wuta. Goga sabulun wanki a fuska ɗaya, ka gasa ɗaya fuskar a kan rishon gas kana yawo da ita, kada ta tsaya wuri guda. Da sabulun ya yi baƙi, zafin ya kai wajen digiri 400, sauke. Kada ka jira ya yi ja irin na baƙin ƙarfe, ba ya yi, a digiri 660 sai dai ka ga ya zube ya bar rami. In ya huce ka wanke sabulun, za ka ji ya yi laushi har yatsa na lanƙwasa shi.

Cika ƙafar tsohon wandon jins da busasshen yashi mai laushi, ka ɗaure bakin biyu, ko ka sa masassaƙi ya fafe maka kwarmi marar zurfi a kan kututture; a kansa za ka ɗora fallen ka riƙa bugu. Gudumar ta zama ta katako mai zagayayyen kai. Guntun tsohuwar taɓarya in aka sa masa ƙota ya wadatar. Gudumar ƙarfe tabo take bari, tana kuma sirantar da fallen. Fara bugu daga tsakiya kana kewayawa zuwa waje, kowane bugu ya hau rabin na baya. Bakin zai fara tattarewa. Kada ka bari tattarar ta naɗe kan kanta, ɗora ta kan katako ka kwantar da ita tun tana ƙarama. Da ka ji ƙarar ta sauya daga dum-dum zuwa ƙyal-ƙyal, gudumar kuma tana tsalle, koma wuta. Bar rarar santimita 3 a kewaye, sai an gama a datse.

TAMBAYA: Na ɗaure nawa fallen alminiyon da ƙusa mai zare kai tsaye a jikin bututun ƙwarangwal. Bayan 'yan makonni ramukan sun buɗe, farin gari kuma yana fita a wurin. (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Buɗewar ramuka aikin jijjigar inji ne. Farin garin kuwa alminiyon ne yake cinyewa saboda ya haɗu da baƙin ƙarfe ga danshi. Sa mai walda ya liƙa wa ƙwarangwal 'yan kunnuwa, ka yi musu fenti, ka yanko robar tsohon tif ɗin babur ka shimfiɗa tsakani, sannan ka ɗaure da noti da washa mai faɗi. Falle da falle kuma ribit ne, wato ƙusar da ake matsewa ta riƙe falle biyu, mai milimita 4, tazarar santimita 5, kada rami ya matso baki fiye da milimita 8.

Tunda ba ka ambaci bakin fallen ba: naɗe shi ciki kamar kalmasar riga, santimita 1, ko ka tsaga siririn tiyo ka sanya masa. Ɗanyen baki yana yanka ƙafa kamar reza, kuma kalmasar tana ƙara wa fallen ƙarfi. Ka bar tazarar yatsu uku tsakaninsa da salansa, kada kuma ka toshe wa injin iska, da ita yake hucewa. Dutsen garanda na baƙin ƙarfe kada ya taɓa alminiyon, cushewa yake ya yi zafi, yana iya fashewa. Magagari da samfefa sun isa gyaran baki.