Maganin Ciwon Gaɓɓai Ne Ke Jawo Kansar Kaluluwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara tara ke nan mahaifiyata na fama da ciwon gaɓɓai da ake kira rumatoyid, an ce garkuwar jikinta ce ke yaƙar jikin nata. Tana shan metotrekset sau ɗaya a mako. Wata ƙawata ta turo min saƙo ta WhatsApp wai masu wannan ciwo na kamuwa da kansar limfoma, kuma maganin ne sila. Hajiya na ji ta ajiye shi, yau mako uku. Gaskiya ne? Daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki lallaɓa ta ku koma wajen likitanta cikin makon nan, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.

Saƙon yana da ƙamshin gaskiya, sai dai ya ɗora laifin inda bai dace ba. Limfoma kansa ce ta wasu fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, waɗanda mazauninsu ke cikin kaluluwa a wuya, hammata da matsematsi. A ciwo irin na Hajiya waɗannan ƙwayoyi ba sa hutawa, kullum suna hayayyafa don yaƙin da babu abokin gaba. Ƙwayar da ta shekara goma tana rabuwa dare da rana, wata rana sai a samu kuskure a ƙwayar halittarta. Daga nan kansar ke farawa.

Shi ya sa masu rumatoyid ke da haɗarin limfoma kusan ninki biyu na sauran mutane. Kada kalmar ninki ta firgita ki. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, kusan mutum 2 cikin 100 ne ke samun limfoma a tsawon rayuwarsu, don haka ko an ninka, fiye da 95 cikin 100 ba za su taɓa ganinta ba. Wani bincike da aka yi a Suwidin aka buga a 2006 ya nuna haɗarin ya taru ne kan waɗanda ciwonsu ya daɗe yana ci ba a shawo kansa ba. Mai gaɓɓai a kumbure shekara da shekaru, wanda yatsunsa ke sandarewa har hantsi, shi ne abin ji. Kin ga kenan ajiye magani gudun kansa tamkar gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ban wanke metotrekset tas ba. Jefi-jefi yakan rage tsaron jiki har wata ƙwayar cuta (bairos) da ake kira EBV ta samu sarari kaluluwa ta kumbura, kuma sau da yawa kumburin na sacewa idan an dakatar da maganin. Amma likita ne ke yanke wannan bayan gwaji.

Tambayar da zan so ki yi wa Hajiya ita ce: idonta na yi mata kamar an zuba yashi? Sai ta kurɓi ruwa take iya haɗiye burodi? Mu a Kaduna duk bushewa hunturu muke ɗora wa, alhali idan ta zarce har damina tana iya zama cutar Shogren, mai busar da hawaye da yawu, wadda kan biyo rumatoyid. Shogren ce ta fi kowace haɗari a wannan babi, kusan 5 cikin 100 na masu ita kan samu limfoma, galibi a gefen kunne inda hangum ke fitowa. Lufus, wata cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, ita ma na ƙara haɗarin.

Abin lura shi ne kaluluwa mai tauri marar zafi da ta wuce wata guda, gumin dare da ke jiƙa zani, zazzaɓin da aka sha maganin maleriya sau biyu bai tafi ba, da ramar da ba dalili. A nan gida tarin fuka ya fi limfoma kawo waɗannan alamu nesa ba kusa ba, don haka ba a tantancewa da ido, sai an ciri ɗan naman kaluluwar an duba. Asibitin Barau Dikko ko na Shika a Zariya za su iya wannan. Kada a tsaga kumburin a gida, kada a yi masa sakiya.

Ku tafi da kwalin maganin, ku faɗa wa likita ranar da ta daina sha, shi zai ce yadda za ta koma.