Amsa ga ɗan'uwan da ke son sayen littattafai ta wayar hannu a Legas

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana zaune a Agege, aiki da cunkoson motoci ba sa barinka ka je Yaba ko Ojuelegba neman littafi, kana so ka koma saye ta waya, amma kana tsoron a cinye maka kuɗi ko a kawo maka abin da ba shi ka biya ba. Na daɗe ina saye ta wannan hanya, kuma abin da na lura shi ne, wanda kuɗinsa ya salwanta gaba ɗaya bai kai yawan wanda aka kawo wa littafin da ya nema amma bugun banza ba. Saboda haka tantance bugu shi ne aikin farko, tun kafin a zo maganar biya.

Idan littafin Turanci ne ko na makarantar yara, ka sani cewa Jumia da Konga, waɗanda duka suka fara aiki a 2012, kasuwanni ne da 'yan kasuwa daban-daban suke baje haja a cikinsu, don haka ka duba sunan mai sayarwar da abin da waɗanda suka riga ka saye suka rubuta a kansa. Akwai kuma shagunan da littafi ne kaɗai sana'arsu, irin su Rovingheights, da ke da shago a nan Legas kuma suna kai wa mutum har gida. Wajen bincike ka yi amfani da lambar ISBN mai alƙaluma 13 da ke bayan littafi, domin suna ɗaya yana iya zama a kan bugu uku ko huɗu, makaranta kuwa takan nemi bugu guda takamaimai. Sai dai masu satar fasaha suna kwafe bango har da lambar, shi ya sa nake neman a ɗauko mini hoton shafi biyu daga tsakiyar littafin. Jabu ba ya ɓuya a nan: takardarsa shara-shara ce har rubutun baya yana leƙowa, tawadar ta dushe, hotunan ciki sun yi baƙi ƙirin. Na taɓa ganin littafin lissafi da wani maƙwabcina ya saya wa 'yarsa da araha, ana buɗe shi gam ɗin gindinsa ya tsage, shafukan wani babi kuma babu su sam.

Littattafan Hausa da na addini su ne inda za ka fi shan wahala, domin da wuya ka same su a waɗancan manyan kasuwanni. Cinikinsu ya koma WhatsApp da Facebook, a hannun masu shaguna a Kano, musamman na Kasuwar Kurmi, da kuma Zariya. A nan tambaya ce za ta cece ka. Ka nemi hoton shafin farko mai ɗauke da sunan maɗaba'a da shekarar bugu, ka tambayi ko bugun Beirut ne ko na Alƙahira ko na gida, mujalladi nawa ne, kuma an yi wa rubutun wasali ko ba a yi ba, don ɗalibin da bai yi nisa a Larabci ba zai sha wuya da littafin da babu wasali. Idan Alƙur'ani ne, ka faɗi ruwayar da kake so ƙarara, Warshu ko Hafsu. Wanda ya tashi a makarantar allo da Warshu, aka turo masa Hafsu, zai ga bambanci tun a shafukan farko, kuma mayar da kaya Kano daga Legas ba ƙaramin aiki ba ne.

Yawanci a motocin da ke tasowa daga Arewa ake sako saƙon, tafiyar kusan kilomita 1,000, kai kuma ka je tasha ka karɓa. Ka roƙi mai shagon ya naɗe littattafan a leda kafin ya sa su a kwali, musamman da damina, ya kuma turo maka lambar direba. Kuɗin mota yakan kusa kamo kuɗin littafi guda, don haka ya fi sauƙi ku haɗu da 'yan'uwa na masallaci ko na Islamiyyar unguwa ku yi oda tare. Game da biya kuwa, ka fara da ƙaramin ciniki, ka tabbatar sunan asusun ya dace da na mutumin ko shagon, kuma kada ka ba kowa lambar sirrin katinka ko wadda banki ke turowa ta saƙo.

Sai littattafan da ake karantawa a cikin waya. OkadaBooks, manhajar sayar da irin waɗannan littattafai wadda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sa ayyukansu a kai, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023, saboda haka kafin ka biya a kowace manhaja ka bincika ko za ka iya sauke littafin ya zauna a wayarka. Ina kuma roƙonka ka guji littattafan da ake rarrabawa kyauta ba da izinin masu su ba. Da yawa daga cikin marubutan labaran Hausa na yanzu mata ne da ke rubutu daga gidajensu suna sayarwa a kan 'yan ɗaruruwan naira, kuma wannan haƙƙi ne a wuyan wanda ya yaɗa, ko da ba a zo maganar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba.

Littafin da za ka yi darasi da shi gaban malami dai ka saye shi na takarda. Galibin na Larabci da ke yawo a waya hotunan shafuka ne aka ɗauka, sai ka yi ta ja da yatsu kafin ka ga hashiya, wato sharhin da ke gefen shafi, kuma babu gefen da za ka rubuta fassarar da malam ya bayar.