Kafin Ka Ba Da Aron Yaron Nan, Je Ka Ga Wanda Ke Buga Lambarsa

Ƙanena, saƙonka ya iso ni. Ka ce akwai yaro a hannunku, ɗan wasan gaba mai shekara 19, an hau da shi babbar ƙungiya tun farkon kaka, amma har yau zaman benci yake yi. In an tausaya masa a sa shi saura minti goma a tashi. Ƙungiyoyi biyu sun nemi aronsa: ɗaya babba ce mai suna a gasar Firimiya ta ƙasa, ɗayar kuma tana rukuni na biyu. Mahaifinsa ya ce ko dai babbar ko ya yi zamansa, domin a ganinsa sauka rukuni na biyu ci baya ne. Sai ka tambaye ni: "Maigida, mu ba da shi ko mu riƙe shi? In za mu bayar, ina?"

Ku ba da shi. Amma ku ba ƙungiyar da take buƙatarsa, ba wadda take sha'awarsa kawai ba. Mai buƙata za ta sa shi a fili ranar Lahadi domin ba ta da wani. Mai sha'awa kuwa za ta ajiye shi saboda ko ta kwana, ka ga ya tashi daga bencinku ya koma bencin wasu, ga kewar gida a kai.

Na san abin da ke riƙe ka. Kana ganin atisayenku ya fi na ƙungiyoyin rukuni na biyu tsari, filinku ya fi nasu kyau, kuma yaron yana gogayya da manya kullum da safe. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai karatun da ba a yin sa a filin atisaye. A atisaye, ɗan bayan da ke tare shi abokinsa ne, tare za su ci abinci an jima, ba zai sa masa ƙafa da gaske ba. A wasan gasa kuwa zai haɗu da magidanci mai shekara talatin da 'yan kai, wanda cefanen gidansa ya rataya a kan alawus ɗin cin wasan ranar. Wannan zai riƙe masa riga inda rafari ba ya gani, ya taka shi, ya faɗa masa magana a kunne. Yaron zai ɓarar da ƙwallo shi da gola a minti na 20, 'yan kallo su yi masa ca, kuma dole ya ci gaba da neman a ba shi ƙwallo na sauran minti 70. Zai gano yadda ƙafa ke yin nauyi bayan awa guda ana gudu, ya koyi wane gudu ake yi, wane ake bari ya wuce. Bayan kwana uku ko bakwai kuma a sake, ko jikinsa ya warware ko bai warware ba. Babu kocin da zai iya shirya wannan da mazugi da usur.

Minti goman nan da kuke ba shi ma ina tsoronsa. Yaron da ya san minti goma kawai gare shi yana shiga ne da niyyar nuna duk abin da ya iya a taɓawar farko. Sai ya riƙe ƙwallo inda ya kamata ya bayar, ya buga daga nesa inda ya kamata ya jira. Koci ya kalla ya ce bai nuna ba tukuna, a sake mayar da shi benci. A haka ake kashe yara masu kyau ba tare da kowa ya yi nufin mugunta ba.

Dubi Victor Osimhen. A 2015 ya ci ƙwallo 10 a Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile, Najeriya ta ɗauki kofin. A farkon 2017 ya koma Wolfsburg ta Jamus. Ƙungiyar na fama da kanta a lokacin, kaka biyu a jere tana ƙarewa ta 16, sai da wasan neman tsira ta sha. Kocin da ruwa ya kai wa wuya ba ya gwajin yaro. Ga rauni a kafaɗa, ga zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da shi. Shekara ɗaya da rabi ya yi a can bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. A 2018 aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam, ƙungiyar da yawancin masu cika gidajen kallo a nan ba su taɓa ganin wasanta ba. Suka riƙa fara wasa da shi, ya ci 20 a kakar. Daga nan Lille, daga nan Napoli, inda ya ci 26 a gasar Italiya ta 2022/23 suka ɗauki kofi, aka ba shi gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023. Ƙafar da ya je da ita Jamus da ita ya je Beljiyam. Abin da ya canja shi ne a Charleroi sunansa na cikin sha ɗayan farko.

Yanzu ka ajiye wannan kusa da labarin Umar Sadiq, ɗan Kaduna, domin shi ne ya fi kama da tambayarka. Yana hannun Roma, ya taimaki Najeriya ta samu tagulla a wasannin Olamfik na 2016. Aka yi ta ba da aronsa: Bologna, Torino, NAC Breda, Rangers, Perugia. Ka tambayi kanka wa ke buga lamba tara, wato babban ɗan wasan gaba, a Torino a 2017. Andrea Belotti ne, wanda ya gama cin 26 a kakar da ta gabata. A Rangers ta Sikotland kuma, a 2018, Alfredo Morelos ke riƙe da gaba. Sunayen ƙungiyoyin suna da daɗin faɗa a majalisa, amma duk wanda ya zauna ya duba jerin 'yan wasansu ya san yaron ba wasa zai je yi ba. Sai da ya je Partizan ta Sabiya a 2019, aka miƙa masa gaba, sannan aka ga Sadiq na gaskiya. Almería ta Sifaniya ta saye shi a 2020, a rukuni na biyu fa, ya ci 20 a kakarsa ta farko, ya taimaka suka hau babbar gasa a 2022, Real Sociedad ta ɗauke shi. Shekarun nan da ya yi yana yawo tsakanin bencina suna yi mini ciwo har yau, domin su ne shekarun da jiki ya fi karɓar karatu.

Saboda haka aikinka na wannan makon ba na waya ba ne. Gani ya kori ji. Je ka kalli wasan kowace ƙungiya cikin biyun. Ƙirga 'yan gabansu. Wa ke fara wasa, shekarunsa nawa, yana ci ko ba ya ci? Da ɗan gaba ɗaya suke wasa ko biyu? Yaronku mai son a zura masa ƙwallo a ƙasa ne ya bi da gudu. In su dogon bugu suke yi ta sama suna neman mai tsawo, to ko sun sa shi wahala zai sha a banza. Sannan ka zauna da kocin da kansa, ido da ido. Kada ka tsaya a kan maganar shugaban ƙungiya ko eja, wato dillalin 'yan wasa. Sau da yawa shugaba ne ya ga yaro ya so shi, koci bai ma san da zancen ba, kuma ba shugaba ke rubuta sunaye ranar wasa ba. Ka tambayi kocin: a ina ka taɓa ganin yaron nan, kuma a wace lamba za ka sa shi? In ya soma kame-kame, ka sha ruwanka ka yi masa sallama. Ka kuma saurara ko kujerarsa na rawa, domin in aka sallame shi bayan wata biyu, wanda zai gaje shi da nasa yaran zai zo.

Akwai abin da ba kowa ke faɗa ba. Ƙungiyar da ta ari yaro ta san ba nata ba ne. In ya yi kyau, wasu ne za su sayar su ci riba. Don haka duk ranar da yaronku da nasu suka zo kunnen doki, nasu za su sa, kuma ban ga laifinsu ba. Shi ya sa nake cewa ka kai shi inda ya fi na wurin a fili ƙarara, ba inda zai je ya yi takara da tsaransa ba. In ƙungiyar rukuni na biyun nan ce ke da wannan gurbi, can ne wurinsa.

Shi kuwa mahaifin, ka je har gida ka gaishe shi, kada ka aika. Tsoronsa na gaskiya ne: yana ganin za a ce an kori ɗansa. Ba shi labarin Ahmed Musa. Daga makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos aka ba da aronsa ga JUTH, sannan aka ba da aronsa ga Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/10, abin da ya zama tarihi a gasar a wancan lokaci. Daga nan VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. Har bayan ya girma, da ya ga zaman benci ya yi yawa a Leicester, a Janairun 2018 ya koma CSKA Moscow a matsayin aro domin ya samu wasa. A watan Yunin shekarar ya zura wa Iceland biyu a Kofin Duniya a Rasha. Wanda ya bar gasar Ingila da ƙafarsa don neman minti 90, ai ya san darajarsu.

Sai maganar takarda, kuma a nan nake so ka yi taurin kai. Kada ka yarda da "ai mu 'yan'uwa ne". A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa. A rubuta wa zai biya albashi, nawa, kuma me zai faru in aka yi wata biyu ba a biya ba, domin ka san yadda bashin albashi yake a ƙananan gasanninmu. A rubuta masauki da abinci. A rubuta wa zai biya asibiti in ya ji rauni, da cewa ba za a yi masa allurar kashe zafi a tura shi fili ba sai da saninku. A yi rajistar a hukumance yadda za a ga cewa aro ne, ba sayarwa ba. Yara da yawa sun kuɓuce wa waɗanda suka raine su saboda wannan sakaci, kuma ko bayan shekaru ne, kashi 5 cikin 100 da dokar FIFA ta ware daga kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, wanda ake raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, da tarihin rajista ake bin sa. Wanda sunansa ba ya ciki ba shi da ko sisi.

Wasu za su ba ka shawarar a rubuta cewa dole a fara wasa da shi sau kaza. Ni ban yarda da wannan ba. Yaron da ya san takarda ce ke ba shi jesi ba zai yi gumi a kanta ba, kuma abokan wasansa za su sani, su daina ba shi ƙwallo. Abin da nake so a rubuta shi ne ikon dawo da shi a tsakiyar kaka in ba ya samun wasa. Wannan ya ishi kocin can ya san kuna kallo.

Kuma ku kalla ɗin da gaske. Ranar da yaro ya hau mota ba ranar hutunka ba ce. Ka ba shi abu biyu kacal da zai gyara, misali bugu da hagu da komowa baya in an ƙwace ƙwallo, ka faɗa wa kocin can su. Ka kira shi bayan kowane wasa, musamman wanda bai yi kyau ba. Ka nemi bidiyo ko da na waya ne. Lokaci-lokaci ya ɗaga kai ya hango ka a cikin 'yan kallo. Ka tambaye shi me ya ci, da wa yake kwana ɗaki, yana samun barci bayan doguwar tafiyar mota zuwa wasan waje. Yaro ɗan shekara 19 ba zai ce maka yana jin yunwa ba sai ka tono.

In kakar ta ƙare, ku yanke hukunci. Ko ya dawo ya buga muku, ko ku sake shi ya tafi inda zai zauna. Aro na uku da na huɗu ba raino ba ne kuma, kasuwanci ne. Kenneth Omeruo ya shiga Chelsea a 2012, ya ɗauki Kofin Afirka da Najeriya a 2013, aka yi ta aika shi Holan da Middlesbrough da Turkiyya da Sifaniya, har ya bar ƙungiyar a 2019 bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Taiwo Awoniyi ya yi shekara shida a hannun Liverpool, daga 2015 zuwa 2021, rashin takardar izinin aiki a Ingila ya sa aka ba da aronsa sau bakwai. Kakar da Union Berlin ta saye shi ya zama nata, ya ci 15 a gasar Jamus. Irin wannan tara yara da manyan ƙungiyoyi ke yi ne ya sa FIFA ta kawo doka a 2022: aro tsakanin ƙasashe ba zai wuce shekara guda ba, wanda ya ara ba zai ara wa wani ba, kuma daga Yulin 2024 ƙungiya ba za ta fitar da fiye da mutum shida ba a lokaci guda, in ban da matasan da ita ta raina da kanta.

Hali ɗaya ne zai sa in ce ku riƙe shi. In babban kocinku ya faɗa maka da bakinsa cewa a zagaye na biyu yaron zai fara wasanni, ya kuma nuna maka waɗanne, to ya zauna, kamar yadda koci Guardiola ya ƙi ba da aron Phil Foden a Manchester City ya riƙa ƙara masa wasa kaka bayan kaka. Je ka tambaye shi gobe kafin atisaye. In amsarsa ita ce "za mu gani", ka nemi motar zuwa kallon ƙungiyar rukuni na biyun nan a wasansu na ƙarshen mako, sannan ka kira ni ka faɗa mini wa ya buga musu lamba tara.