Allurar Insulin ta Dare: Me Ya Sa Ba Ta Sauke Sukari Nan Take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da ciwon sukari, likita kuma ya canza mata allurar insulin mai launin madara da take yi sau biyu a rana, ya ɗora ta a kan Lantus sau ɗaya da dare. Ita dai ta ce sabuwar ba ta da ƙarfi, domin in ta ci tuwo ta auna, sukarin yana nan sama. Ko ta ƙara yawanta? Daga wata mai karatu a Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kada ta ƙara ko ɗigo ba da sanin likitanta ba, domin wannan allura ba don tuwon da aka ci aka yi ta ba.

Hanta tana zuba sukari cikin jini dare da rana, ko mutum yana barci, kuma wannan zubar ce insulin mai dogon aiki take tsarewa. Maganin da ke cikin Lantus, wato glargine, ruwa ne garai mai ɗan tsami. Da zarar ya shiga kitsen da ke ƙarƙashin fata, inda babu wannan tsamin, sai ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwayoyi, su kuma su riƙa narkewa kaɗan-kaɗan suna shiga jini har kimanin awa 24, ba tare da wani lokaci da aikinsu yake tashi sosai ba. Tsohuwar allurar, wadda da alama NPH ce, wato insulin mai matsakaicin tsawon aiki, ƙarfinta yakan kai ƙololuwa 'yan awoyi bayan an yi ta, shi ya sa Inna take jin aikinta a jiki, kuma shi ya sa takan jefa wasu cikin faɗuwar sukari da tsakar dare.

Saboda haka awon safe, kafin karin kumallo, shi ne zai nuna ko allurar tana aikinta. Idan bayan abinci ne kawai sukarin yake hawa, a rubuta awon a kai wa likita, wataƙila wani magani na lokacin cin abinci take buƙata. In kuwa awon ya gaza gram 0,70 a lita, ko gumi da rawar jiki suka kama ta, a ba ta ruwan sukari nan da nan.

Wurin allura ma yana da tasiri. Fatar da aka yi ta soka har ta yi kullutu ba ta shan magani daidai, allurar da ta zarce cikin tsoka kuwa tana saurin shiga jini, don haka a riƙa sauya wuri a ciki ko cinya. Kada a haɗa glargine da wata insulin a sirinji ɗaya.

Abin da ya fi damuna a Yamai shi ne zafi, tunda a watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Zafi yana lalata insulin, don haka allurar da ba a buɗe ba tana zama a firiji, ban da gidan ƙanƙara. Wadda aka buɗe kuma kwana 28 ne wa'adinta, ƙasa da digiri 30. Idan wuta ta ɗauke, a sa ta a leda mai rufi a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai damshi a inuwa.